Amanar Murtsunguwa

Ya ku 'yan makaranta, yau za mu ba ku labarin wani abin kunya da ya same mu tun muna yara kamarku, domin ku sami darasinsa a kyauta, mu kuwa sai da muka saye shi da hawaye. Labarin na wata 'yar shuka ce mai ƙaya, wadda ba a cinta, ba ta ba da inuwa, ba a kuma sassaƙa ko da ƙotar fartanya da ita. Duk da haka ta koya mana abin da shekara guda a aji ba ta koya mana ba.

A makarantar da muka yi karatu a ƙasar Zazzau akwai wani dattijo, malaminmu na aikin gona, mutum mai ƙarancin magana. A barandar gidansa yana da wata 'yar tukunyar ƙasa, a cikinta da wani abu kore, kewayayye, girmansa bai wuce ƙaramin duma ba, jikinsa layi-layi kamar kabewa, a bisa kowane layi ga ƙayoyi gajejjeru sun jeru. Murtsunguwa ce irin ta ado. Ya gaya mana shekararta goma sha biyu a hannunsa, kuma malaminsa ne ya ba shi ita tun tana kamar ƙwan zabo. Ba mu taɓa ganin ya yi mata wata hidima ba, sai dai jifa-jifa yakan tsuguna ya dube ta, ya ɗaga tukunyar ya ji nauyinta, ya ajiye.

Wata shekara, da faɗuwar damina, aka tura shi ƙarin karatu na wata uku. Ran da zai tashi ya kira mu, mu uku da ya fi yarda da mu, ya ce, "Yarana, ga amana. Ku bar ta inda ta ke, kada ku dame ta." Muka durƙusa muka ce, "To, Malam, Allah ya kiyaye hanya." A ranmu kuwa cewa mu ke, ai Malam ya daɗe yana sakaci da wannan abu, bari ya dawo ya ga aikin masu himma.

Ɗayanmu ya ce tukunyar ta yi mata kaɗan, ya samo wani tsohon bokiti wanda ba shi da huda, muka cika shi da baƙar laka daga fadama, muka dasa ta ciki. Wani ya ɗebo taki daga turken awaki ya zuba. Muka ga baranda tana tare mata ruwan sama, muka fitar da ita tsakar gida. Abin da ya fi duka muni shi ne, kowannenmu yakan zaga da buta ya ba ta ruwa a ɓoye, don in ta yi kyau a ce hannunsa ne. Da watan Agusta ya kama, sai muka ga gindinta ya soma rawaya. Muka ce ƙishirwa ce, muka ƙara ruwa. Ran nan da safe ɗayanmu ya taɓa gindin da ɗan kara, sai karan ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓen tumatir, wani ɗoyi ya taso. Garin neman gira mun rasa ido.

Ba za mu ɓoye muku ba, mun zauna mun yi shawarar mu ce akuya ce ta ture ta. Abin da ya hana mu shi ne mun rasa wanda zai iya duban idon Malam ya faɗi haka. Da ya dawo muka ɗauki bokitin muka ajiye gabansa, kowa ya faɗi abin da ya yi. Ya daɗe yana duban abin bai ce kome ba, shirun nan kuwa ya fi mana bulala zafi. Can ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Na ce muku kada ku dame ta, amma ban gaya muku dalili ba, saboda haka rabin laifin nawa ne. Ku kawo mini wuƙa da wuta."

Kafin mu faɗi abin da ya yi da wuƙar, ya kamata ku san dalilin nan da ya ce bai gaya mana ba, gama duk maganin da za mu ambata daga gare shi ya fito. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, shuka ma haka ta ke. Murtsunguwa baƙuwa ce a ƙasashenmu. Danginta sun fi iri 1,500, kuma asalinsu duka nahiyar Amurka ne, ta Arewa da ta Kudu, in ban da iri guda mai saukowa daga rassan itatuwa kamar igiya, wanda a ke samu har a dazuzzukan Afirka. Ƙasar Meksiko ta fi kowace ƙasa yawan ire-irensu. Irin ta Malam, wadda masana tsirrai ke kira Ekinofsis, ta fito ne daga kudancin Barazil da Urugwai da arewacin Ajantina, inda ta ke tsirowa tsakanin duwatsu, wurin da in an yi ruwa ba ya kwana.

An yi jikinta ne domin ajiyar ruwa. Abin da ku ke gani kore ɗin nan kara ne ya kumbura ya zama randa. Ganyenta kuwa su ne suka rikiɗa suka zama ƙayoyi, don kada ruwa ya fita ta cikinsu, don kuma dabba ta ji tsoron kai baki. Layukan jikinta sukan buɗe in ta sha ruwa, su tsuke in ta rame, kamar zugazugin maƙeri. Sauran tsirrai sukan buɗe 'yan ƙofofin numfashinsu da rana, amma ita tana rufe nata sa'ad da rana ke zafi, sai dare ya yi sanyi ta buɗe ta ɗebi iskar da za ta yi abinci da ita in gari ya waye. Da wannan dabara ta ke tattalin ruwa, shi ya sa kuma girmanta ke da nawa. Saiwoyinta sirara ne, suna bazuwa kusa da bisan ƙasa don su tsotse yayyafi da sauri, kuma suna bukatar iska kamar yadda su ke bukatar ruwa. To, ku duba abin da muka yi. Mun ɗauki mai randa a cikinta mun tsoma ta cikin tabki.

Wannan ita ce cuta ta fari, watau ruɓewa, kuma ita ta fi kowace cuta kashe murtsunguwar tukunya. In ƙasa ta daɗe a jiƙe, iska ba ta shiga, saiwoyi sukan shaƙe su mutu, sa'an nan fumfuna da sauran ƙwayoyin cuta su sami ƙofa su hau cikin jiki. Alamarta ita ce gindi ya yi laushi, launinsa ya koma rawaya ko baƙi-baƙi, wani lokaci shukar ta karkace. Akwai tarko a nan, wanda ya kama mu: shukar da saiwoyinta suka mutu ba ta iya shan ruwa, saboda haka takan yamutse kamar mai ƙishirwa alhali ƙasarta sharkaf ta ke. Kada ku tambayi jikin shuka kaɗai, ku tambayi ƙasa.

Ga abin da Malam ya yi. Ya naɗe takarda riɓi-riɓi ya kama shukar da ita, ya zaro ta daga laka. Ya ƙona bakin wuƙa a wuta, ya bari ya huce, ya yanke gindin. Cikin ya yi launin ƙasa. Ya sake ƙona wuƙar, ya yanka sama kaɗan, nan ma ga wani zobe baƙi a tsakiya. Ya yi ta yanka yana hawa har ya kai kusa da ƙoƙon kai, bai sami wuri mai tsabta ba. Ya ce uwa kam ta tafi. Da ya sami wurin da naman ya ke fari ko kore tsab, ba ɗigo ko ɗaya, da sai ya ajiye wannan saman ya yi sabuwar saiwa. Amma a gefenta akwai 'ya'ya biyar da suka tsiro, kowanne kamar goro. Ya murɗe su ɗaya ɗaya, ya duba gindinsu, biyu sun harbu, uku lafiyarsu lau. Ya barbaɗa garin gawayi a raunin, ya ce farar wuta ma tana yi in akwai, ya jera su cikin faifai a inuwa inda iska ke kaɗawa.

Muka ce, "Malam, ba za a shuka su yanzu ba? Ai za su bushe." Ya ce, "Bushewar na ke so." Sai da suka yi kwana goma, raunin ya yi ɓawo mai tauri, kāna ya ɗora su bisa busasshiyar ƙasa, bai binne su ba, bai kuma ba su ruwa ba sai bayan mako biyu. Ku riƙe wannan da kyau: ɗanyen rauni in ya gamu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓewa ce. Babban yanki yakan bukaci fiye da kwana goma kafin ya warke.

Ranar nan kuma ya koya mana haɗa ƙasa. Ya ce kashi ɗaya ƙasar lambu mai kyau, kashi ɗaya yashi mai manyan ƙwayoyi wanda aka wanke, kashi ɗaya tsakuwa ko dakakken tsingaro. Ya hana mu rairayi mai laushi, domin in ya haɗu da laka yakan daskare kamar daɓe. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka jiƙa haɗin, ka dunƙule a hannu, ka saki. In ya watse ya yi, in ya tsaya kamar curin fura, ƙara tsakuwa. Tukunya kuwa lalle ta kasance da huda a gindi, kuma ta ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba ta fi ta roba, gama tana tsatsafo, ƙasar ciki ta bushe da wuri. Waɗansu sukan zuba tsakuwa a gindin tukunya marar huda su ce sun yi wa ruwa hanya. Wannan yaudarar kai ce, ruwan yana nan kwance, bai je ko'ina ba. Kada kuma tukunya ta fi shukar faɗi da yawa, inci ɗaya a kowane gefe ya isa, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ke riƙe damshi.

Sau nawa za a ba ta ruwa? Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma ba ta da amsa a kalanda. Ku sami tsinke ku soka har gindin tukunya, ku zaro. In ya fito da sanyi ko da ƙasa a manne, ku ajiye buta. In ya fito a bushe, ku zuba ruwa sosai har ya fito ta huda, ku zubar da wanda ya taru a ƙarƙashi, sa'an nan ku ƙyale ta sai ta sake bushewa. A nan muka gane abin da Malam ke yi sa'ad da ya ke ɗaga tukunya, ashe awon ruwa ya ke yi da hannu. Da bazara ƙasa na iya bushewa cikin mako guda. Da damina kuwa, a ƙasar Zazzau inda ruwan shekara ya kai wajen inci 40, mafi yawansa kuma cikin wata huɗu ya ke sauka, wurin murtsunguwa shi ne ƙarƙashin rufi, inda haske ke samunta amma ruwan sama ba ya dukanta kullum. Barandar nan da muka raina, hikima ce.

Kada tsoron ruwa ya sa ku wuce gona da iri. Murtsunguwa ma tana jin ƙishirwa, kuma wanda ya ke ɗiga mata cokali guda kowace safiya ya cuce ta sau biyu, domin wuyanta kullum a jiƙe, saiwoyinta na ƙasa kuwa ba su ga kome ba. In kun ga ta yamutse, layukanta sun tsuke, amma jikinta da tauri, ƙasa kuma ƙayau, to, ƙishirwa ce ta gaskiya. Ku shayar da ita sosai sau ɗaya, cikin 'yan kwanaki za ku ga ta cika.

Malam ya raba mana 'ya'yan nan uku, kowa ɗaya, kuma a hannunmu suka gamu da sauran cututtukan da za mu faɗa muku. Ɗayanmu, don tsoron ruwan sama, ya shigar da tasa cikin ɗakin kwana ya ajiye a lungu. Bayan wata biyu sai kanta ya yi tsini, ya miƙe siriri, launinsa fari-fari, ƙayoyinsa 'yan mitsi-mitsi. Ya zo yana murna wai tasa ta fi tamu saurin girma. Malam ya ce wannan ramar neman haske ce, shukar tana miƙa wuya ne ko ta hango rana. Wurin da ya riga ya sirance ba ya komawa daidai har abada. Abin yi shi ne a mayar da ita ga haske don sabon girma ya fito da kauri, ko kuwa a yanke tsinin a bar gindin ya fid da 'ya'ya. Tana son hasken rana na sa'o'i da dama kowace rana, kuma in a bakin taga ta ke, a riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci don kada ta karkata gefe ɗaya.

Da jin haka sai abokin namu ya ɗauke ta daga lungu ya dasa ta tsakiyar rana tsaka. Kwana biyu kacal, gefen da ke fuskantar yamma ya yi fari fat, daga baya ya koma tabo mai launin ƙasa. Ƙuna ce. Kada ku yi mamaki, shukar da ta saba da inuwa fatarta ba ta shirya wa rana ba, kamar tafin ƙafar da ya saba da takalmi ne aka ce ya taka rairayin bazara. Tabon ba ya gogewa, amma ba ya kisa in ya bushe. Maganinsa rigakafi ne: a fara da ranar safe ta sa'a ɗaya ko biyu, a riƙa ƙarawa sannu sannu har wajen mako biyu. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce digiri 40 a wurare kamar Sakkwato da Maiduguri, ko wadda ta saba ma tana son 'yar inuwa bayan azahar, balle wadda ke cikin baƙar roba, wadda ke dafa saiwa kamar tukunya a murhu.

Tamu kuwa ƙwari ta gamu da su. Wata rana muka ga wani farin abu a tsakanin layukanta kamar ɓurɓushin auduga. Da muka taɓa da tsinke, ashe 'yan ƙwari ne masu laushi sun lulluɓe kansu da farin kaki suna tsotson ruwan jikinta. In kun ga tururuwa na hawa da sauka a tukunya, ku bincika, domin suna bin zaƙin da ƙwarin nan ke fitarwa, har sukan tsare su daga abokan gābansu. Da fari a ware shukar daga sauran. Sa'an nan a naɗa auduga a bakin tsinke, a tsoma cikin sifirit irin na wanke rauni, a bi su ɗaya ɗaya a goge. A maimaita kowane mako har sau uku ko huɗu, gama ƙwayayensu na ɓoye suna ƙyanƙyashewa daga baya. In sun yi yawa, a fesa ruwan sabulu marar kauri ko man darbejiya da aka sirka, amma da yamma, kada rana ta tarar da mai a jikinta ta ƙone ta. Akwai irinsu masu zama cikin ƙasa. In shuka ta daina girma ba dalili, a zaro ta a duba, in an ga farin gari a saiwoyi, a wanke su, a shanya su kwana biyu ko uku, a zubar da tsohuwar ƙasa, a wanke tukunya da ruwan zafi. Akwai kuma masu ɓawo kamar 'yan ƙananan ƙoƙuna manne da jiki, su kankare su a ke yi. Da hunturu, sa'ad da iska ta bushe, wani ɗan jan ƙwaro wanda da ƙyar ido ke ganinsa yakan sa kan shuka ya yi tsatsa, shi kuma wanke ƙurar jikinta da ruwa da safe yana rage shi.

Abin mamaki, ɗan'uwan ƙwarin audugar nan ya taɓa zama dukiya. Mutanen Meksiko tun kafin zuwan Turawa suna kiwon wani irinsa a kan murtsunguwa mai faffaɗan jiki, su busar da shi su sami jan rini. Bayan da mutanen Sifen suka ci ƙasar a shekarar 1521, suka riƙa kai shi Turai jirgi-jirgi, har yau kuma ana amfani da shi wajen rina abinci. Abin da ya ke annoba a barandar wani, shi ne amfanin gonar wani.

Akwai kuma abubuwan da su ke kama da cuta alhali ba cuta ba ne. In murtsunguwa ta tsufa, gindinta yakan yi ɓawo mai launin ƙasa kamar na itace. Ku danna da kara, in da tauri, tsufa ne, ku bar ta. Haka nan wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke kawowa, mai jan kai ko rawaya a bisa koren kara, shuka biyu ce aka haɗa. Ta saman ba ta da koren da tsirrai ke yin abinci da shi, ta ƙasan ke ciyar da ita, kuma galibi ba su wuce 'yan shekaru a tare. In ta mutu a hannunku bayan kun yi mata duk abin da ya kamata, kada ku zargi kanku.

Takin awakin da muka zuba wa ta Malam shi ma kuskure ne. Taki mai ƙarfi yana sa ta kumbura da sauri, jikinta ya yi taushi, wani lokaci ya tsage, ƙwari da ruɓewa su sami hanya. Ɗan kaɗan ya ishe ta, sau ɗaya ko biyu a lokacin girmanta, in ma an sake mata ƙasa bayan shekara biyu ko uku, ba lalle ne a ƙara mata kome ba.

Sauran gargaɗi biyu, domin lafiyarku da ta ƙasarku. Na farko, kada ku rikita murtsunguwa da ƙerana ko tinya, waɗanda su 'yan ƙasa ne. Sun yi kama a ido, amma danginsu dabam. In aka soki ƙerana ko tinya sai farin nono ya fito, mai ƙona fata, in kuwa ya shiga ido yana iya yi masa lahani ƙwarai, sai a wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi asibiti. Murtsunguwa ta ainihi ana gane ta da ɗan tuntu mai gashi-gashi wanda ƙayoyi ke fitowa daga cikinsa. Mai faffaɗan jikin nan kuma tana da waɗansu ƙayoyi ƙanana kamar ƙaiƙayi masu maƙalewa a fata. Kada a sosa, a cire su da hantsaki, sauran a manna musu salatif a ɗaye.

Na biyu, in kun yanke reshen mai faffaɗan jiki, kada ku jefa shi bayan gari, domin kowane yanki da ya taɓa ƙasa saiwa ya ke yi. Mutanen Ostireliya sun ga abin da wannan ke jawowa. An kai ta can domin shinge da ado, ta kuɓuce ta shiga daji, kafin shekarar 1925 ta mamaye wajen eka miliyan 60, manoma suka bar gonakinsu. Ba a shawo kanta ba sai da aka kawo ƙwayayen wani malam-buɗe-littafi na dare daga Ajantina, aka soma sakinsa a 1926, tsutsotsinsa suka cinye ta cikin 'yan shekaru. Shukar da ta mutu a bokitinmu saboda yawan hidima, 'yar'uwarta ce ta ci ƙasa guda ba wanda ya ba ta ko ɗigon ruwa.

Yanzu mu koma ga ɗan da aka ba mu. Muka bar makaranta da shi, ya yi ta girma a hankali, ya cika tukunya da 'ya'ya, amma shekara da shekaru bai yi fure ba. Da muka ziyarci Malam, lokacin ya bar aiki, muka kai masa ƙara. Ya yi murmushi ya ce, "Har yanzu kuna damunta da hunturu ko?" Muka sunkuyar da kai. Ya ce irin wannan tana son hutu a lokacin sanyi. Daga Nuwamba zuwa Janairu a bar ta a waje ta sha sanyin dare, a janye ruwa kusan ɗungum, a hana ta taki, kada a tsorata in ta ɗan rame. A cikin hutun nan ne ta ke shirya fure. In an rage yawan 'ya'yan da ke tsotsonta ma ya fi.

Muka yi yadda ya ce, ko da ya ke hannunmu ya yi ta ƙaiƙayin ɗaukar buta. Da bazara ta kama muka koma ba ta ruwa, sai ga wani ɗan tsiro mai gashi toka-toka a gefenta. Ya yi makonni kamar ba ya motsi, sa'an nan cikin kwana kaɗan ya miƙe har ya kai taƙi guda. Wani dare bayan isha'i muka fito da fitila muka tarar ya buɗe, fari mai sirkin ja-ja, kamar bakin kakaki, ya kusa kai faɗin shukar kanta, ƙanshinsa ya cika barandar. Muka tashi mutanen gida duka suka gani. Kashegari kafin la'asar ya yi yaushi ya sunkuya, gama furen irin wannan kwana ɗaya ya ke yi. Da mun yi barci da wuri, kuma muka yi sammakon fita, da haƙurin shekaru ya wuce ba mu gan shi ba.

A makon nan muka cire ɗa guda mafi kyau, muka shanya shi kwana goma, muka dasa shi cikin 'yar tukunyar ƙasa mai huda, muka kai wa Malam. Muka ce, "Ranka ya daɗe, ga amanarka, ta yi jinkiri a hanya." Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga tukunyar ya ji nauyinta kamar yadda ya saba, ya ce, "Madalla, a bushe ta ke."

To, 'yan makaranta, da yawanku za a ba ku amana nan gaba wadda ta fi tukunyar fure nauyi, wani majinyata, wani aji cike da yara, wani gonakin jama'a. Mu ba ƙiyayya ce ta sa muka kashe murtsunguwar Malam ba, muna sonta ƙwarai, sai dai mun ba ta abin da mu mu ke so, ba mu tsaya mun tambayi abin da ita ta ke bukata ba. In an ba ku umurni ba ku gane dalilinsa ba, ku tambaya kafin ku saɓa, gama matambayi ba ya ɓata. In kuma ɓarna ta auku a hannunku, ku faɗa da wuri. Da mun ɗora wa akuya laifi mun jefar da bokitin nan a juji, da 'ya'yan nan uku sun ruɓe tare da uwarsu. Wanda ke da murtsunguwa a cikinku, ya je yau ya juya tukunyarta ya ga ko da huda, ya soka tsinke, sa'an nan ya yi shawara da buta.